RUWAN DA YA CI RAMUKAN KWAL NA INUGU

A shekarar 1909 ne aka gano kwal a tuddan Udi, kafin 1916 ta ƙare kuwa har an shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ke kwasarsa zuwa Fatakwal. A kan wannan baƙin dutse birnin Inugu ya kafu. Amma tun daga farko mahaƙa suka tarar da abokin gaba wanda ba ya gajiya, watau ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Dalilin yana cikin yadda Allah ya jera duwatsun wurin. A samansu akwai wani kakkauran shimfiɗi na dutsen yashi, wanda masana ke kira Ajali, mai shan ruwan sama kamar soso. Kwal yana ƙarƙashinsa, tsakanin duwatsu masu laka. Ramukan Inugu, irin su Onyeama da Okpara, ta gefen tudu ake shigarsu, ba kamar rijiya ba, kuma jijiyar kwal ɗin tana ɗan gangarawa cikin tudun. Saboda haka duk ruwan da ya tsattsafo ta tsagogin rufin ba ya iya fita da kansa. Sai ya bi gangara ya taru can ƙurya, daidai inda leburori ke sara. Dole injunan zuƙar ruwa su yi ta aiki dare da rana, ran da wuta ta ɗauke kuwa, ruwa ya karɓe wurin.

Da ma a ce yawansa ne kaɗai matsalar, da da sauƙi. A jikin kwal da lakar da ke tare da shi akwai wani ma'adini mai ƙyalli, haɗin ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne ba ya cutar da kowa, amma da zarar haƙa ta buɗe shi iska da ruwa suka same shi, sai ruwan ya yi tsami, ya zama ɗan'uwan ruwan batir. Wannan ruwa shi ke cinye famfo da bututu, watau yana lalata ainihin makaman da ake yaƙarsa da su. Idan an fitar da shi kuma, rafuffuka yake shiga, ciki har da kogin Ekulu da ya ratsa birnin, yana barin jan ƙasa-ƙasa kamar tsatsa a kan duwatsu.

Hukumar Kwal ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1950, ta ga ganiyarta a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da abin da ake haƙa a shekara ya kai wajen tan 900,000. Daga nan reluwe ta koma injunan man dizal, ciniki ya faɗi. Sai ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970: aka gudu aka bar ramuka, injuna suka tsaya, ruwa ya cika su. Bayan yaƙi an sake buɗewa, har aka kawo manyan injunan haƙa daga ƙasar Folan a ƙarshen shekarun 1970, amma ba su yi ƙarko ba, ruwan tsami yana daga cikin abubuwan da suka karya su. Zuwa farkon shekarun 2000 haƙar ta tsaya.

Abin takaici a nan shi ne, wannan ruwa tsarkakakke ne kafin ya taɓa kwal. Daga dutsen Ajali ɗin nan rijiyoyin burtsatse na mararrabar Ninth Mile, wadda direbobin manyan motoci daga Arewa suka sani sarai, ke ɗebo ruwan da ake tura wa birnin. A manyan ma'adinan duniya, dabarar da ake yi ita ce a tare ruwa tun yana sama, a zuƙe shi ta rijiyoyi kafin haƙa ta iso, a toshe tsagogi da siminti, sa'an nan a raba mai kyau da gurɓatacce, a kashe tsamin na biyun da farar ƙasa. Wannan aiki na bukatar kuɗi da wuta mai ɗorewa, su ne kuwa Inugu ta rasa. Ramukan suna nan cike, unguwanni da dama na birnin kuma da tanka suke sayen ruwan sha.