Maganin Homiyofati: Shin Yana Warkar da Dabbobi?

A ƙasashen Turai da Amurka da Indiya akwai likitocin dabbobi da ke aiki da wani irin magani da ake kira homiyofati. Wasu kan ɗauka maganin gargajiya ne irin na saiwa da ɓawon itace. Ba haka ba ne.

Wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, shi ya fito da wannan hanya a shekarar 1796. A ganinsa, abin da zai jawo wa mai lafiya alamun wata cuta, shi ne zai warkar da mai wannan cutar idan an ba shi ɗan kaɗan. Misali, albasa tana sa hawaye da yoyon hanci, don haka sai a yi maganin mura da ita. Tun yana raye aka fara gwada abin a kan dawaki da shanu.

Yadda ake haɗa maganin shi ne abin lura. Za a ɗauki ɗigo ɗaya a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa, a girgiza da ƙarfi. Daga wannan a ɗebi ɗigo ɗaya a zuba cikin wani ɗigo 99, a sake girgizawa. Haka za a yi ta yi, wani lokaci har sau 30. Masu yin sa sun ce kowace girgiza tana ƙara masa ƙarfi. Masana kimiyya kuwa sun lissafa cewa daga wajen sau 12, da wuya a sami ko ƙwayar zarra ɗaya ta asalin maganin a cikin ruwan. Wannan ruwan ne ake ɗigawa a kan ƙwayoyin sukari, ko a zuba a kwamin shan ruwan shanu.

Masu wannan sana'a suna da ƙungiyoyi. Ta ƙasa da ƙasa an kafa ta a Lukzambog a 1986, ta Amurka kuma a 1995. Sukan yi taro, su koyar da sababbin shiga, kowa ya ba da labarin dabbar da ya yi wa magani ta tashi: saniya mai kumburin hantsa, ɗan maraƙi mai zawo, kare mai ƙaiƙayi. Manoman da ke gudun yawan amfani da allurar kashe ƙwayoyin cuta sukan saurare su, kuma damuwarsu tana da tushe, domin yawan allurar barkatai yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

Sai dai labari daban, hujja daban. Cututtuka da yawa suna warkewa da kansu. Ga shi kuma mai dabba idan ya fara ba ta magani, yakan ƙara mata ruwa da abinci da inuwa, sai ta murmure a ce maganin ne. Labarin wadda ta mutu kuwa ba kasafai yake kai wa zauren taro ba. A 2016 wasu masu bincike biyu a Jamus sun duba gwaje-gwaje 52 da aka yi a kan shanu da aladu da kaji daga 1981 zuwa 2014. Wasu sun nuna kamar an sami sauƙi, wasu ba su nuna komai ba, kuma babu ko ɗaya da aka maimaita a irin yanayinsa don a tabbatar.

Haɗarin ba a cikin ruwan yake ba, a jinkiri yake. Saniya mai ciwon huhu da aka tsaya ba ta ƙwayar sukari, tana iya mutuwa bayan ta harbi garke duka. Wasu ma suna sayar da irin wannan ruwa a madadin rigakafi, alhali rigakafi na gaskiya ne ya kawar da bushiya daga duniya a 2011, cutar da ta yi wa shanun Nijeriya mummunar ɓarna a 1983.

A watan Nuwamba 2017 hukumar da ke ba likitocin dabbobi lasisi a Ingila ta bayyana cewa homiyofati ba shi da tushe a kimiyya. Ba ta haramta shi ba, amma ta ce kada ya maye gurbin maganin da aka tabbatar, kada kuma ya jinkirta shi. Masu sana'ar sun yi ƙorafi ƙwarai, hukumar ba ta janye maganarta ba.