Asalin Sunan Atlas da Nahawunsa a Harshen Latin

Kowane ɗalibi ya san Tekun Atlantika, wanda ya sami sunansa daga Atlas. To, amma daga ina haruffan "nt" suka fito, alhali kuwa babu su cikin sunan?

A tatsuniyoyin Girkawan da, Atlas wani ƙato ne da Ziyus, sarkin allolinsu, ya hukunta da tallafe sama har abada. Masana da dama suna danganta sunan da saiwar Girkanci "tla", wato jurewa.

Da Rumawa suka aro sunan, sai suka sanya shi a aji na uku na sunayensu. Latin kuwa, kamar Larabci, yana da li'irabi. Idan shi ne mai aikatawa, sai a ce Atlas. Idan a kansa aiki ya faɗa, Atlantem. Wajen mallaka kuwa, Atlantis. Ke nan ainihin saiwar ita ce "Atlant", sai dai "nt" ta ɓace a gaban "s". Daga nan aka ƙera sifar Atlanticus.

Saboda haka, mai neman saiwar sunan Latin ya fara duba siffar mallakarsa.