Mahayan Jimo Akolo sun isa Landan, raken Makarfi bai samu mai zane ba

A watan Oktoban 2025, gidan adana zane-zane na Tate Modern da ke Landan ya buɗe baje kolin ayyukan masu zanen Najeriya. Cikin abin da aka rataye akwai wani zane na 1962: mahayan dawaki na Fulani, launi jajur kamar ana ranar hawa. Mai zanen shi ne Jimo Akolo, ɗan garin Egbe da ke jihar Kogi a yau. Karatu ne ya kawo shi Zariya, idonsa ya faɗa kan abin da mu muka saba gani har muka daina kallo.

Ba shi kaɗai ba ne. A 1955 aka dawo da sashen koyar da zane na kwalejin kimiyya da fasaha daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane, suka ce ba za su kwaikwayi Turawa ido rufe ba. Ku sake duba sunayen nan. Duk baƙi ne daga kudu.

Haka abin yake a wasu ƙasashen ma. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu zane daga Amurka sun riƙa tururuwa zuwa garuruwan Meziko irin su San Miguel de Allende, suna zana lunguna da kasuwanni. Baƙo kan tsaya inda ɗan gari ya wuce da sauri.

To mu fa? Daga Samaru zuwa Hunkuyi tafiyar 'yan mintuna ce a mota. Ka shiga kasuwar rake ta Makarfi lokacin kaka, ka ga damin rake jingine reras, 'yan dako na loda tirela gumi na tsiyaya. Ko wurin masu mazarƙwaila a yankin Kudan, hayaƙi na tashi, ruwan rake na tafasa. Kwandunan tumatir na Ikara kuwa, wallahi jansu kaɗai ya ishi mai fenti aikin mako guda.

Wani zai ce ai muna da waya. Gaskiya ne, ni ma na ɗauki hotunan kasuwar nan sun fi ɗari. Wayar ta faɗa ruwa bara, ko ɗaya bai tsira ba. Zanen Akolo kuwa ya haura shekara 60, shi ya rasu a 2023, mahayansa na nan.

Masu zanen da muke da su a gida su ne masu fentin bayan manyan motoci da allunan shagunan aski. Zaki, dawisu, jirgin sama. Na tambayi wani a tasha me ya sa bai taɓa zana kasuwar rake ba. Ya yi dariya, ya ce, "Ƙanena, wa zai biya?"