Jinin da Aka Ɗiba a Wajen Awo: Su Wa ke Tsaron Sa a Ɗakin Gwaji?

'Yar'uwa mai juna biyu, ranar da kika zo awon farko, kafin ki koma gida sai an ba ki takarda an tura ki ɗakin gwaji. A can za a ɗaure miki dantse, a ɗebi jini ɗan kaɗan, a ba ki 'yar kwalba ki kawo fitsari, sannan a ce ki dawo gobe ko jibi. Abin da ke gudana tsakanin ɗibar jinin da dawowarki ba kya ganinsa. Amma da takardar da za ta fito ne likita zai san maganin da zai rubuta miki, ko kina bukatar ƙarin jini, da irin shirin da za a yi wa jaririnki ranar haihuwa. Don haka a wannan fitowar za mu leƙa da ke bayan wannan ƙofa.

Gwaje-gwajen awo sanannu ne: yawan jini wanda ake kira PCV, rukunin jini, gwajin sikila na AA da AS da SS, cutar ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, tunjere, zazzaɓin cizon sauro, sai kuma suga da furotin a fitsari. Kowannensu yana da abin da kuskure a cikinsa zai jawo. Matar da rukunin jininta mai alamar ragi ne, wato negetif, idan aka rubuta mata fozitif, ba za a yi mata allurar Anti-D ba, wadda ya kamata ta samu cikin awa 72 bayan haihuwa, kuma cikin da zai biyo baya shi zai ɗanɗana kuɗarsa. Jinin da bai dace ba idan aka ƙara wa mai zubar jini yana iya kashe ta. Sakamakon ƙanjamau na wata idan ya faɗo kan sunan wata, aure ne zai girgiza a gida ɗaya, a ɗaya gidan kuma jariri ya rasa kariya.

Ayyuka huɗu, kowanne da mai shi

Duk ɗakin gwajin da ya amsa sunansa, na asibiti ne ko na masu bincike, yana da ayyuka huɗu da ba awon jini ba ne, amma idan babu su awon bai da amfani. Akwai tabbatar da ingancin sakamako. Akwai kariya daga haɗari, kamar sukar allura, zubewar jini da gobara. Akwai kula da lafiyar ma'aikatan kansu. Akwai kuma muhalli, wato inda shara da ruwan wanke-wanke ke ƙarewa.

Mutanen Kaduna ba baƙin wannan harka ba ne. Cibiyar binciken ciwon barci da sammore, wadda hedikwatarta ke titin Surame a Unguwar Rimi, an kafa ta tun 1947 domin ƙasashen Afirka ta Yamma, daga baya ta zama ta Nijeriya. Aikin irin wannan cibiya shi ne hulɗa da ƙwayar cuta mai rai da ƙudan tsando da ke yaɗa ta. Mai bincike yana kiwon abin da kowa ke gudu, don haka dole ya tsara yadda ba zai kama shi ba, kuma ba zai fita waje ba. A asibitin koyarwa, irin na Barau Dikko da ke titin Lafiya, abubuwa biyun sun haɗu: ana gwaji domin majinyata, ana kuma koyar da ɗalibai da yin bincike. Hannaye sun yi yawa ke nan, kuma inda hannaye suka yi yawa, abin da aka bar wa kowa babu mai yin sa.

Shi ya sa tsarin ke farawa da naɗa mutum da sunansa a kan kowane aiki. A ƙaramin ɗakin gwaji mutum ɗaya na iya riƙe biyu. A babba kowanne na da jami'insa, da kwamitin da ke haɗa su. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wa jami'in ke kai wa rahoto. Ƙa'idar duniya ta ɗakunan gwajin asibiti, ISO 15189, wadda ta fara fitowa a 2003 aka kuma sabunta ta na baya-bayan nan a 2022, a fitowarta ta farko ta ce jami'in inganci ya riƙa kai rahoto kai tsaye ga shugabannin da ke yanke shawara kan aiki da kuɗi. Dalilin a fili yake. Idan yana ƙarƙashin wanda yake duba wa aiki, ranar da ya ce a dakata inji ya karkace, kuma ga layi har waje, za a ce masa ya yi haƙuri. Ba a ba kura ajiyar nama. A ganinmu, jami'in da ba shi da ikon tsayar da aiki, suna kawai ya tara.

Akwai kuma dalilin da ya sa ake zaunar da su huɗun a teburi ɗaya: ayyukansu kan yi karo. Mai kula da kariya yana son a ƙone sirinji nan take don kada ya soki kowa. Mai kula da muhalli ya san roba idan ta ƙone a wuta mara ƙarfi tana fitar da hayaƙi mai guba, kuma maƙwabta ne za su shaƙa. Likita yana son sakamako yanzu-yanzu, mai inganci yana son a maimaita gwajin. Idan kowa na cin gashin kansa, wanda ya fi ɗaga murya ne zai yi nasara.

Yadda ake gane inji bai yi ƙarya ba

Kafin a taɓa jinin kowa da safe, ana fara gwada wani samfuri da aka riga aka san amsarsa. Idan injin ya ba da amsar da ake jira, sai a ci gaba. Idan ya kauce, a tsaya a nemo dalili, ko da kuwa hakan zai sa ki daɗe a kan benci. Ana duba sanyin firji a rubuta a takarda kullum. Jinin da aka ajiye domin ƙari sai tsakanin digiri 2 zuwa 6. Ana duba ranar lalacewar sinadarai. Da yawa daga cikin tsinken gwaji na gaggawa ba a son su wuce digiri 30 a ma'ajiya, ke kuwa kin san zafin Maris da Afrilu a Kaduna, kin kuma san halin wutar lantarki. Janareta da sola a ɗakin gwaji ba ado ba ne.

Bayan duba na cikin gida akwai na waje. A Saye, kusa da Zariya, akwai ɗakin gwaji na ƙasa da ke aika wa ɗakunan gwaji samfura a rufe, ba tare da amsa ba. Su gwada su mayar da sakamako, a ba su maki kamar 'yan makaranta. Ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ya ƙaddamar da wani tsari a Kigali a 2009, wanda ake ba ɗakin gwaji tauraro daga 1 zuwa 5 gwargwadon yadda ya cika ƙa'ida. A nan gida, dokar 2003 ce ta kafa majalisar MLSCN, mai yi wa masana gwaji rajista da duba wuraren aikinsu. Ɗakunan gwaji masu zaman kansu sun yawaita a Kawo, Unguwar Sarki, Tudun Wada da Rigasa. Wasunsu na aiki mai kyau. Amma kafin ki miƙa hannunki, ba laifi ba ne ke ko maigida ku nemi ganin shaidar rajistarsu.

Safar hannu ba ƙyama ba ce

Wasu mata kan ji haushi idan ma'aikaci ya sa safar hannu da takunkumi kafin ya taɓa su. A ɗakin gwaji ana ɗaukar kowane jini, har na shugaban asibitin, a matsayin wanda zai iya ɗauke da cuta. An koyi wannan darasi da tsada. Zazzaɓin Lassa, da aka gano a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, ya kama ma'aikatan ɗakin bincike a Jami'ar Yale ta Amurka a wannan shekarar, ɗaya ya rasu. A 1970 Dakta Jeanette Troup ta rasu a Jos bayan ta yanke a hannu tana binciken gawa. A Fabrairun 2024 ma cutar ta yi sanadin rasuwar ma'aikatan lafiya a nan Kaduna. Ga mai ciki kuwa abin ya fi muni: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a watanni ukun ƙarshe, fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka kamu kan rasa cikin, ko ransu, ko duka biyun. Idan kina da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, musamman da rani, faɗa wa likita da mai ɗibar jini tun kafin a soka allura.

Ma'aikaci ana yi masa rigakafin ciwon hanta sau uku. Idan allura ta soke shi, sai ya sanar nan take, domin maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi ne cikin awa 72, a sha kwana 28. Ba a ci ba a sha a ɗakin gwaji, shi ya sa muke roƙon a bar yara da ledar abinci a waje.

Shara kuma launi-launi ce. Baƙar leda ta takardu da sharar yau da kullum ce, wadda ita ce kusan kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti. Rawaya da ja na abin da ya taɓa jini ne, allura kuma tana da kwalinta mai kauri da ake rufewa kafin ya cika. Abin da aka shuka ƙwayar cuta a ciki sai an turara shi a tukunya mai zafin digiri 121 kafin ya fita. Audugar da aka danne miki hannu da ita, a kwandon rawaya za ki jefa, ba a tsakar asibiti ba. Abin da ya kuɓuce ya kai bola, yaran unguwa da 'yan bola jari ne za su tsince shi. Wanda ya bi kwata kuma Kogin Kaduna ya nufa, inda masu lambu ke ban ruwa.

Naki aikin

Binciken masana ya nuna fiye da rabin kurakuran gwaji suna faruwa ne tun kafin samfuri ya kai ga inji, wato wajen suna, ɗiba da ɗauka. A nan ne hannunki yake. A rana ɗaya ana iya samun Aisha Muhammad uku a layin awo. Idan an tambaye ki cikakken suna da lambar kati sau biyu, amsa sau biyu, ko da sunan na wanda kike jin kunyar faɗa ne. Tsaya ki ga an rubuta sunanki a kwalbar a gabanki. Kada ki taɓa zuwa da katin 'yar'uwarki ko na abokiyar zamanki don gudun kuɗin sabon kati. Rukunin jininta ne a cikin wannan fayil, ba naki ba.

Fitsari a kwalbar da aka ba ki za ki kawo, ba ta magani da aka ɗauraye a gida ba. Bari na farko ya zuba, ki tari na tsakiya, ki miƙa da wuri. Idan an ce gwajin suga sai ba ki ci komai ba na awa 8, to koko da shayi ma ci ne. In kin sha, faɗi gaskiya a sa miki wata rana. Idan kuma aka kira ki aka ce a sake ɗibar jini domin na farko ya daskare ko bai isa ba, kada ranki ya ɓaci. Jami'in inganci ne ya ƙi sa hannu a kan abin da bai gamsu da shi ba.

Kai kuma maigida, idan an ce a tanadi jini kafin haihuwa, kada ka bari sai naƙuda ta kama. Duk ledar jini sai an tantance ta daga ƙanjamau, ciwon hanta B da C, da tunjere, sannan a gwama ta da jinin maiɗakinka a ga ko sun dace. Wannan aiki yana cin lokaci, kuma ba a tsallake shi don an zo da daddare. Ka zo da 'yan'uwa biyu ko uku tun cikin wata na takwas, kowa ya ci abinci ya sha ruwa kafin ya taho.