Wutar Daji: Abin Da Doka Ke Nema Ga Mai Gida Da Mai Gona

Daga Wakilinmu na Arewa

Ga hunturu ya kama, ciyawa ta bushe, iska kuwa sai kaɗawa take yi ba dare ba rana. A irin wannan lokaci ne wutar daji ke cinye gonaki da gidajen da ke bakin daji. Wannan magana ta shafi 'yan'uwanmu mazauna Kudu ƙwarai, musamman masu aron gona ko kiwo a ƙasar Oke-Ogun da Ibarapa, da masu aiki a gonakin goro da koko.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A shekarar 1983 fari ya haɗu da wutar daji a Ghana, gonakin koko da na abinci masu ɗimbin yawa suka ƙone, yunwa ta biyo baya. Wannan ne ya sa gwamnatin can ta tsananta, har a 1990 ta kafa doka mai lamba 229, wadda ta hana cinna wa daji wuta barkatai, ta kuma ce a kafa ƙungiyoyin 'yan sa kai na kashe gobara a garuruwa da ƙauyuka.

Mu ma nan Nijeriya muna da tamu. A 2011 Gwamnatin Tarayya ta fito da ƙa'idojin hana ƙona daji, kuma hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke lura da su. Jigon ƙa'idojin shi ne kada kowa ya sa wa daji wuta sai da izni. Ban da wannan, kundin laifuffuka na yawancin jihohin Kudu ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya ƙona amfanin gonar wani da gangan.

To, me mai gida ko mai gona zai yi? Da fari dai, ya share ciyawa da busasshen ganye kewaye da gidansa da rumbunsa da gonarsa tun kafin su bushe sarai, ya bar ƙasa tsirara, domin wuta in ta rasa abin ci tsayawa take yi. Harawa da itacen girki da galan na fetur a nisanta su da ɗakin kwana. In ƙona saura ya zama tilas, a nemi izni, a gaya wa Bale da maƙwabta, a yi da sassafe ko da yamma sa'ad da iska ta kwanta, da mutane riƙe da ɗanyen ganye da ruwa. Kada a bar wurin sai garwashi ya mutu. Yara masu farautar gafiya da masu yar da guntun taba a kwaɓe su.

Akwai kuma abin da ya fi ɗauri ciwo. Itacen koko sai ya shekara uku zuwa biyar kafin ya fara haihuwa, goro kuwa ya fi haka daɗewa. Ran da wutar mutum ɗaya ta haura gonar mai masaukinsa, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Hausawa ne ko Fulani ne, rigimar ta faɗa kan mai sayar da albasa da mai gyaran takalmi waɗanda ba su san hawa ba balle sauka.

Saboda haka muna roƙon sarakunan Hausawa da arɗo-arɗo da limamai su ja kunnen jama'a tun yanzu, a masallaci da kasuwa da wurin suna. Aikin fartanya na yini biyu ya fi zaryar kotu ta shekara guda sauƙi. Allah Ya kiyashe mu da gobara, amin.