Musayar 'Yan Ƙwallon Kwando a NBA da Lissafin Masai Ujiri

Matasan da ke cika gidajen kallon ƙwallo a Goronyo da Wurno sun saba da tsarin Turai, inda kulob mai kuɗi zai zuba miliyoyi ya ɗauke ɗan wasan da ya ga dama. A gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, musaya ake yi, kuma an yanka wa kowane kulob iyakar albashin da zai biya 'yan wasansa a shekara. Da dokar ta fara aiki a kakar 1984-85, iyakar dala miliyan 3.6 ce, a kakar 2024-25 ta kusa miliyan 141.

Ana iya tsallake iyakar domin riƙe 'yan gida, amma wanda ya zarce da yawa zai biya tara mai nauyi. Kulob ɗin da ya tsallake kuwa, in zai yi musaya, dole albashin da zai karɓo ya yi kusa da wanda zai sallama. Saboda haka kafin a duba suna, sai an tambayi nawa ɗan wasa ke ɗauka, da kuma shekara nawa ta rage a kwantiraginsa.

Wanda ya gwanance a wannan lissafi ɗan gida ne. An haifi Masai Ujiri a Ingila a 1970, amma a Zariya ya tashi, a can ya koyi wasan. A 2011, yana jagorantar Denver, tauraronsu Carmelo Anthony ya nace sai ya tafi. Da Ujiri ya bari kwantiragin ya ƙare, da ya tashi a tutar babu. Sai ya miƙa shi ga New York Knicks, ya karɓo matasa irin su Danilo Gallinari da Wilson Chandler, da damar zaɓen sababbin 'yan wasa. Duk makiyayin da ya taɓa kai bijimi kasuwar Achida ya dawo da maruƙa ya san wannan dabara. A 2013 Denver ta ci wasa 57, aka ba Ujiri kambun gwarzon shugabannin kulob.

Da ya koma kulob ɗin Toronto, ya yi kasadar da ta fi wannan. A Yulin 2018 ya ba da DeMar DeRozan, wanda magoya baya ke ji da shi, ya karɓo Kawhi Leonard daga San Antonio, mutumin da wasa tara kacal ya buga a kakar da ta gabata, kuma shekara ɗaya ta rage masa. San Antonio ta haɗa masa da wani ɗan wasanta, Danny Green, albashin ɓangarorin ya daidaita. Mutanen gari sun yi ta tsine-tsine. A Yunin 2019 Toronto ta ɗauki kofinta na farko, bayan wata guda Leonard ya kama gabansa. A ganina cinikin ya biya, domin kofi ake nema.

Sake gina kulob kuwa bai zo masa da sauƙi ba. Ya jinkirta sallamar Pascal Siakam ɗan Kamaru har Janairun 2024, lokacin da kwantiraginsa ke dab da ƙarewa, farashinsa ya faɗi. Siakam ya kai sabon kulob ɗinsa, Indiana, wasan ƙarshe a 2025, a watan Yunin shekarar kuma Toronto ta raba gari da Ujiri.