YANSUN: KAYAN ƘAMSHI MAI TAIMAKON CIKI

Yansun ƙwayar wani ɗan tsiro ne mai farin fure, dangin karoti. Tsawon tsiron bai kai mita ɗaya ba. Ana noma shi a Masar, da Turkiyya, da Siriya, da Sipaniya. Larabawa ke ce masa yansun, Faransawa kuma anis. Ƙwayarsa ƙanana ce, ba ta kai ta shinkafa ba. Tana da ƙamshi da ɗan zaƙi-zaƙi.

A abinci

Mutanen Masar suna dafa shi su sha kamar shayi. A ƙasashe da dama ana sa shi cikin burodi. Uwargida tana iya daka kaɗan ta zuba a kunu ko a ƙullun fanke. Kaɗan ya isa, don ƙamshinsa yana da ƙarfi. A ajiye shi cikin kwalba mai marfi, a daka sai ranar aiki.

A magani

Yansun yana rage kumburin ciki, yana sa gyatsa. Yana kuma taimakon mai tarin mura ya fidda majina.

Ga yadda ake yi: a daka rabin ƙaramin cokali, a zuba cikin kofi ɗaya na tafasasshen ruwa. A rufe minti 10, a tace, a sha. Kada a wuce sau 3 a yini. Wannan awon na manya ne. Mace mai ciki ta tsaya ga ɗan abin da ake sawa a abinci.

A yi hattara

Kada a ɗura wa jinjiri ruwan yansun don yana kukan ciki. Daga haifuwa har wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Jiƙo yana cika masa ciki ya rage shan nono, in kuma ruwan ba tsabta, sai zawo.

Akwai wani ɗan itace mai kamar tauraro da ke da irin wannan ƙamshi. Ba yansun ba ne. Irinsa na Japan guba ne, kuma da wuya a rarrabe su da ido.

Tarin da ya kai sati 2 ba na yansun ba ne. Yana iya zama tarin fuka, mai kama sauran mutanen gida. Ciwon ciki mai tsanani, ko mai zuwa da zazzaɓi da amai, shi ma haka. Mai irin wannan ciwo a kai shi likita tun da wuri.